Akwatin Ƙugiyoyin Shamshun

A Damargu ba kowa ya san kamun kifi ba, shi ya sa mutanen Belbeji suke ce wa Shamshun Sarkin Ruwa, rabi wasa rabi gaskiya. Mutumin Madarumfa ne, a bakin ruwa ya girma, aikin majami'a ne ya kawo shi arewa shi da matarsa Liyatu. Shi yake share ɗakin sujada, shi yake karanta wa tsofaffi Littafi Mai Tsarki. In kuwa damina ta cika wani tabki da ke cikin kwarin Tarka, sai ya hau tsohon babur ɗinsa ya tafi jefa fatsa. Tarwaɗa yake samu, wani lokaci gaiwa.

A bakin tabkin nan ya san Rissa, wani makiyayi Ba'abzine da yake sauko da raƙumansa shan ruwa duk kaka. Rissa ba ya cin kifi, ko ƙarninsa ba ya so, amma yana son hira. Yakan hura gawayi a gindin wata aduwa ya ɗora shayi, Shamshun ya kwance ƙuli-ƙulin Liyatu, su zauna har inuwa ta juya. A cikin garken akwai wata farar taguwa da Rissa ya gada wajen uwarsa. Da nononta ya yaye 'ya'yansa, ba ya barin kowa ya tatse ta sai shi.

Kayan kamun kifin Shamshun duk a tsohon buhun shinkafa suke, ƙugiyoyi da zare da dalma a cakuɗe. Wata rana Rissa ya tsinci ƙugiya a yashi, daidai inda raƙuma suke durƙusawa. Ya miƙa masa ita a tafin hannu.

"Malam, ƙafar raƙumi ba kofato gare ta ba, nama ce kamar taka. Ka nemi abin da yake rufuwa ka zuba su."

Shamshun ya ji kunya, ya ce zai nema.

Ranar kasuwar Tanut suka je shi da Liyatu. Suka fara tsayawa wajen wani maƙeri mai yin akwatuna da ƙarfen tsohuwar ganga. Baƙaƙe ne, masu nauyi, ciki fili ɗaya babu rabe-rabe, amma murfin in ya zauna ya zauna. Shamshun ya ɗaga ɗaya, ya ajiye. Gaba kaɗan, a kantin Safiyanu mai kayan babura, ya ga wani koren akwatin roba. Da aka buɗe shi sai ya miƙe hawa-hawa, kowane hawa da ƙananan ɗakuna, murfinsa garai-garai ana hango abin da ke ciki.

"Baban Yemima, roba ce fa," in ji Liyatu. "Ka ga yadda rana ta yi wa bokitinmu."

"Bokiti daban, wannan daban. Dubi nan, manyan ƙugiyoyi. Nan ƙanana. Nan dalma."

"Ɗan maƙullin nan ai ko farcena ya fi shi kauri."

Bai saurare ta ba. Tun da yake bai taɓa mallakar sabon abu na sana'arsa ba, duk na gado ne ko kwance, ga shi yau ya ga abin da zai nuna wa yayyensa in ya je gida Kirsimeti. Ya ɗauki koren.

Kakar farko komai ya tafi daidai. Har Rissa ya jujjuya akwatin, ya ce Nasara ba su bar komai ba. Amma rani ya wuce a kansa yana rataye a rumfa, robar ta koɗe, ta yi tauri. Da ruwa ya dawo, maƙullin ya ɓalle ranar farko. Shamshun ya ɗaure shi da robar taya, ya ce zai sake wani in ya samu sarari.

Wata safiya yana tsaye cikin ruwa iya gwiwa, wata babbar tarwaɗa ta fizgi zare. Ya juya da sauri, akwatin da ke rataye a kafaɗarsa ya bugu da kututture, ya tsage, komai ya watse cikin laka. Ya daɗe a durƙushe yana lalube. Ya tsinci da yawa, amma ya san manyan ƙugiyoyin ba su cika ba. Wurin kuwa shi ne mashayar raƙuma.

Da hantsi Rissa ya iso da garkensa. Shamshun ya buɗe baki zai ce masa ya kai su ɗaya gefen, sai ya tuna ƙugiyar da aka miƙa masa a tafin hannu, ya tuna ya ce zai gyara. Ya ce a ransa laka ta riga ta haɗiye su. Ya gaishe shi, suka sha shayi.

Bayan 'yan kwanaki farar taguwar ta fara ɗingishi. Kafin Rissa ya gano abin da ke damunta, ƙafar ta kumbura tana ruwa. Aka kira likitan dabbobi daga Belbeji, ya tsaga tafin, ya zaro ƙugiya mai tsatsa. Ya yi mata allura, amma ciwon ya riga ya hau. Lokacin komawa arewa ya yi, taguwa ba ta iya tashi. Rissa ya zauna da ita har sauran makiyaya suka wuce suka bar shi, a ƙarshe ya kira mahauci.

Shamshun ya je zangonsa ya same shi yana naɗe tanti.

"Rissa, ƙugiyar nan tawa ce. Akwatin ne ya fashe a ruwa, na sani tun ranar."

Rissa ya ci gaba da jan igiya, ya ɗaure, sannan ya ɗago.

"Ka sani ranar da muka sha shayi?"

"Na sani."

Rissa ya gyara rawaninsa ya rufe baki. "Ajalinta ne ya zo, Malam. Babu komai."

Da ya yi faɗa da ya fi wa Shamshun sauƙi. Ya koma gida ya gaya wa Liyatu duka. Ba ta ce ai ta faɗa masa ba, ta dai zauna kusa da shi tana tsince wake, hannunta yana tafiya a hankali.

Kakar da ta biyo tabki ya cika har ya taɓa bishiyoyi, raƙuma suka zo da yawa, babu na Rissa. Aka ce ya koma shayarwa wajen Tenhiya. Shamshun ya ci gaba da zuwa, amma ya daina jefa fatsa a gefen mashaya, yakan zagaya can nesa inda ƙaya ta yi yawa, kifi kuma ba shi da yawa.

Sun haɗu sau ɗaya bayan nan, a kasuwar dabbobi ta Belbeji. Suka yi hannu, suka tambayi iyali da gajiya da ruwan bana. Shamshun ya ce Liyatu tana gida, ya zo su ci abinci. Rissa ya yi godiya sosai, ya ce motar Tenhiya ta kusa tashi, sai wani jiƙon. Shamshun ya raka shi har tasha. Motar ko rabi ba ta cika ba, amma Rissa ya hau ya zauna, shi kuwa ya ɗan tsaya, sannan ya juya ya kama hanyar majami'a.