Tsagar Inna

Ku yi mini afuwa, ni mai karanta na wasu ce, ban taɓa rubuta nawa ba. Inda na yi tuntuɓe, a yafe.

Wasila na tsaye a shagon hoton Oga Timothy da ke Tudun Wada a Gusau, shi kuma yana ta ƙara girman fuskar a kwamfuta har ta cika gilashin. Ya matso da ido, ya ja da baya, ya girgiza kai.

"Babu, ƙanwata. Ba rufe layukan tsagar aka yi ba balle in buɗe. Wayar ta shafe su tun kafin ta ajiye hoton."

Fuskar Inna ce, kakarta ta wajen uba, wadda ta rasu a garinsu Rawayya bayan ƙaramar salla. Inna ba ta son hoto. Guda ɗaya tak aka taɓa samu, shi ma Sadiya, yayar Wasila, ce ta lallaɓa ta ta ɗauka ranar idi. Sadiya kuwa a TikTok take koya wa 'yan mata ɗaurin ɗankwali da jan gira, kuma wayarta ba ta ɗaukar kowa sai da filta. Inna ta fito fara sol, kumatu sumul, haƙoran da goro da fure suka rina sun koma kamar audugar asibiti. Tsagar gadon da ta tashi daga gefen bakinta ta nufi kunne ta ɓace ƙaf. Sadiya ta ɗora hoton, mabiyanta suka yi ta zuba Masha Allah, wata har da tambayar man da tsohuwar ke shafawa.

Bayan rasuwar, mahaifinsu Malam Attahiru ya ce a wanko masa hoton ya rataye a ɗaki. Da aka miƙa masa wayar ya daɗe yana kallo, sannan ya mayar a hankali.

"Wagga ba uwata ba ta," ya ce. Bai sake tayar da maganar ba.

Abin da ya kawo Wasila shagon ke nan.

"Zan iya zana su da hannu," in ji Oga Timothy. "Guda nawa ne? Ina suka lanƙwasa?"

Wasila ta yi ƙoƙarin tunawa. Ita ce fa mai kwanciya a cinyar Inna lokacin hutu, tana bin layukan da ɗan yatsa, Inna na ɓarar gyaɗa tana ba ta labarin dandali, yadda mai kalangu kan bar 'yan mata tsaye ya bi ta yana wasa tsagarta. Ta tuna warin hayaƙi a zanenta. Ta tuna sanyin fatar. Amma da ta runtse ido, fuskar nan mai santsi ce ta zo mata. Ta kalli hoton da yawa, har ya fara cinye ta gaskiyar.

"Ban sani ba," ta ce.

"To, ba ta da 'yar'uwa mai irinta? Kawo mini hotonta, in kwaikwaya."

Akwai Uwa, ƙanwar Inna. Wanzami ɗaya ya yi musu.

Ranar sadakar arba'in gidan Rawayya ya cika da mata, ana ta suyar waina a tsakar gida. Wasila ta sami Uwa a ƙofar ɗakin marigayiya tana jan carbi. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta yi ta murza bakin hijabi kafin maganar ta fito.

"Hoto? Ni?" Uwa ta kyalkyale. "Ke mai littafi, miji za ki samo mini a Gusau?"

"In kin yarda da ɗan fansho."

"Allah shi tsare ni. Ɗauka, amma ki bari in gyara kallabi."

Wayar Wasila tsohuwa ce, ba ta san kwalliya ba. Ta ce Uwa ta ɗan juya gefen haske. Uwa ta juya, rana ta sauka a kuncinta, sai ga layukan nan sun fito ɗaya bayan ɗaya, sun nutse cikin tamoji sun sake ɓullowa kusa da kunne. Wasila ta ƙura mata ido. Inna ce zaune, sai dai ba gyaɗa a cinyarta. Ta danna.

"Mu gani."

Uwa ta karɓi wayar, ta kai ta nesa da ido, ta yamutsa fuska.

"Wace tsohuwa ta wagga? Ke, mugunta kika yi mini! Yayata ta fito kamar amarya, ni kin fiddo ni kamar busasshiyar kuɓewa. Goge shi. Ina Sadiya? A kira mini mai wayar kirki."

"Uwa, haka kike da kyau. Inna ta ce mai kalangu..."

"Mai kalangu ya mutu tun ba a haifi ubanki ba. Goge shi, na ce."

Sadiya ta iso da sauri, ta gyara wa Uwa zama, ta ɗaga mata haɓa, ta ɗauka. Mata suka bar kaskon waina suka yanyame wayar. Aka yi shewa. Wata ta ce wallahi Uwa ta koma 'yar sha takwas, wata ta ce ita ma a yi mata. Uwa na dariya har da hawaye, tana kallon kumatun nan sumul, hannunta ɗaya kuma na shafa nata kuncin, kamar mai duba ko abin yana nan.

"Kin goge wancan?" ta jefo tambayar ba tare da ta ɗago ba.

Wasila ta dubi hoton. Babban yatsanta na kan wurin gogewa. Daga zaure tana jin muryar mahaifinta yana amsa gaisuwar baƙi.

Ta kashe fuskar wayar, ta tura ta cikin hijabi. Ta ɗauki takalmanta a hannu, ta bi ta bayan rumbu ta fita ta ƙaramar ƙofa. In ta sami mota yanzu, za ta tarar da Oga Timothy bai rufe shago ba.