Sai Murja Ta Haihu

Liman ya naɗe igiyar awon gona ya mayar da ita buhu, da jin cewa mamacin ya bar ciki.

"Ba a raba gado da ciki a gida," ya ce. "Sai ta sauka. In namiji ne, komai na 'ya'ya ne da uwarsu, kai Dalhatu ba ka da ko taki ɗaya. In mace ce, kana da abin da ya saura."

Murja tana bayan zana, ta ji komai. Mijinta Mas'ud ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata biyu, da wannan cikin, da fadamar da duk garin Tamawa ake zancen tumatirinta. Ta leƙa ta kafar zana. Dalhatu, yayan marigayin, ya ɗago kai kawai ya kalli daidai inda take tsaye.

* * *

Daga ranar alheri ya ɓarke. Mutumin da ko alewa bai taɓa saya wa 'ya'yan ƙaninsa ba, sai ga shi yau da fura, gobe da tsire, jibi da jiƙon sassaƙe wai na sauƙin naƙuda. Murja kan durƙusa ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya. In ya fita, ta haƙa rami bayan ɗaki ta juye ta binne, don kada ko kaza ta taɓa. Wa za ta gaya wa? Ta ce me, yayan mijinta ya cika kirki?

Wata safiya ya kafe babur a ƙofar gida ya yi sallama.

"Maman Mubina, shirya in kai ki Dutsin-Ma a yi hoton cikin nan, mu san abin da Allah ya ba mu."

"Yaya, ai takaba nake. Ba na fita."

"Asibiti lalura ne. Mi ya hana?"

"Lafiyata ƙalau, Yaya."

Ya daɗe yana kallon cikin, ba fuskarta ba.

"To, Allah ya raba lafiya," ya ce a hankali. "Jarirai dai sai addu'a. Ba duka ke kai suna ba."

Ta koma ɗaki. Tsoro take ji, tsoro na gaske. Ita da ta shekara tana roƙon ɗa namiji, ranar ta kasa ɗaga hannu ta roƙa.

* * *

Naƙuda ta zo mata bayan azahar. Inna Talatu ungozoma ta ɗaga jaririn ta duba, fuskarta ta sauya.

"Ki yi haƙuri, 'yar nan. Mace ce."

Wata cikin matan ɗakin ta ce, "Kaico, fadama ta tsage."

Murja ta miƙa hannu ta karɓi 'yar, ta duba da idonta. Sai ta rungume ta ta fashe da kuka, tana faɗin alhamdulillahi, tana maimaitawa. Matan suka kalli juna, suka ce wannan baiwar Allah akwai tawakkali.

Wannan 'yar dai za a bar mata ita da rai. Abin da ta sani ke nan.

Kafin magariba Dalhatu ya dawo daga kasuwar Kurfi da ragon suna, ƙato, fari fat, irin wanda ko a sunan 'ya'yansa bai yanka ba. Ya ɗaure shi a ƙofar ɗakinta, ya tsaya yana shafa masa wuya.