Makarar Malam Ding

Furannin ba su samu shiga lungu ba. Ruyi tana tsakar gidan mamacin tana taya mata murza ƙullin fanken sadaka, aka leƙo aka ce mata mutanen jami'arsu sun iso, kuma Baba Sha mahauci ya tare su a bakin titi. Ta fito da sauri, gari har gwiwar hannunta.

Ta tarar da su cirko-cirko. Ɗalibai sun tallafo manya-manyan furannin takarda da aka ɗaure a jikin gora, kowanne ya fi mutum tsawo, ga kuma hoton Malam Ding an kewaye shi da baƙin ƙyalle. A gabansu Farfesa Lu ne, shugaban sashen Larabci, cikin baƙar kwat. Baba Sha kuwa ya ware hannuwa ya cika lungun da ƙirjinsa, farar hularsa ta karkace.

"Yauwa, ga taku nan," in ji Baba Sha. "'Yar boko, gaya musu nan gidan rasuwa ne, ba buɗe sabon kanti ake yi ba."

Jiya da la'asar Malam Ding ya cika. Katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da gidan su Ruyi. Shekara hamsin ya yi yana fassara littattafan Larabawa zuwa Sinanci, labarai da waƙoƙi da wasan kwaikwayo. A jami'a tashi tsaye ake yi idan ya shigo. A unguwar Musulmi ta birnin Xi'an kuwa, inda aka haife shi, da tausayi ake gaishe shi: mutum ya samu Larabci irin wannan, maimakon ya zama liman, ya ƙare a labarin masoya da 'yan kasuwar Alƙahira. Da Ruyi ta fara shiga gidansa ɗaukar karatu tana yarinya, aka ce zai ɓata ta. Da ta tafi jami'a, aka ce ta ɓaci. Da ta dawo tana koyarwa a sashen da ya bari, ba miji, sai aka koma yin maganar a bayanta. Ba ta taɓa wuce lungun nan kanta a ƙasa ba.

A wurin Malam Ding ta koyi hakan. A shekarun da aka rufe makarantu aka kora malamai ƙauye, an ƙone masa littattafai kaf. Ya yi ta kwasar taki yana juya baitocin da ya haddace a cikin kansa, har ranar da aka buɗe makarantu ya zauna ya zuba su a takarda. In yana ba da labarin, dariya yake yi wa kansa, yana cewa shanu ne masu sauraronsa na farko kuma ba su taɓa yi masa gyara ba.

Farfesa Lu ya ja ta gefe ya yi mata bayani a hankali. Jami'a ta riga ta shirya. Za a kai gawar babban zauren jana'iza na birni a ajiye ta cikin sanyi zuwa mako mai zuwa, lokacin da manyan baƙi za su iso daga Beijing da Masar. Za a kafa hoton, a karanta tarihinsa, kowa ya zo ya sunkuya masa sau uku. Littafin da aka haɗa don karrama shi ma yana wurin masu ɗab'i. Ya ce ta shiga ta lallashi matar mamacin.

Ruyi ta tuna makon jiya, tana ba Malam Ding shayi a cokali, numfashinsa na ja. Ya ce mata Lu zai zo da jawabi mai tsawon titi, Sha zai zo da ƙirji, ita kuma za ta tsinci kanta a tsakiya. Ta tambaye shi me yake so. Ya ce, "A kai ni ƙasa da wuri, kamar iyayena. Sauran kuwa, ɗiyata, ke ma fassara kika karanta. Ki san yadda za ki yi da su."

"Ranka ya daɗe, yau bayan azahar za a binne shi," ta ce wa Farfesa Lu. "Ba a kwana da gawa ana jiran baƙi a nan. Kuma ba a sunkuya wa hoto."

"Ruyi, kin san da wa kike magana?"

"Na sani. Gobe in ka ga dama ka karɓe min aji. Yau dai za a binne shi."

Ɗalibai suka sadda kai. Ta ɗauka Farfesa Lu zai yi faɗa, ta ma gyara tsayuwa. Sai ya cire tabarau ya yi ta goge shi da gefen kwat, ya rasa inda zai sa ido. Ya ce shi ɗan ƙauye ne ya zo jami'a bai san alif ba, Malam Ding ne ya riƙe hannunsa ya koya masa rubutu daga dama.

"Ban iya sallarku ba," ya ce. "Abin da na iya ke nan, in tsaya gabansa in sunkuya. In kun hana ni, da me zan sallami malamina?"

Nan ta ji kaifin bakinta ya dushe. Ta dubi mutanen kwat, ta dubi mutanen farar hula da suka taru bayan Baba Sha. In aka kori masu kwat ɗin nan, za a binne Malam Ding cikin mutanen da ba su taɓa buɗe littafinsa ba, kamar shekara hamsin ɗin nan wani ne ya yi su. Wannan kuwa ba za ta yarda da shi ba.

Ta juya kan Baba Sha. Ta tambaye shi, duk zaman maƙwabtakar nan, shafi nawa ya taɓa karantawa na abin da mamacin ya rubuta.

"Ni nama nake sayarwa, ba ƙarya ba," ya ce, aka yi 'yar dariya a bayansa.

"To su sun karanta duka, Baba. Furanni su tsaya a waje, hoto ya koma mota, ba wanda zai sunkuya. Amma a bar su su sa kafaɗa a makara."

Lungun ya ɗauki surutu. Baba Sha ya ce tun da yake bai taɓa ganin wanda ba ya salla ya ɗauki gawar Musulmi ba, kuma ba mace ce za ta tsara wa maza jana'iza ba. Ruyi ta ce ai ba tsarawa take yi ba, tambaya take yi, kuma ba shi ne mai gawar ba. Ta kama hanya zuwa cikin gida, suka biyo ta, har da Farfesa Lu, yana ɗaga ƙafa a hankali tsakanin takalman masu gaisuwa.

Inna Ding tana zaune gaban kasko, farin mayafi a kanta. Ta ƙi yarda kowa ya toya fanken mijinta sai ita. Ta saurari Ruyi ba ta ɗago ba, sai da ta juya wanda ke cikin mai.

"Sha," ta ce, "lokacin da aka tafi da shi ƙauye, ku kuka ciyar da ni, ban manta ba. Da ya dawo ba haƙora, yaran nan ne suka riƙa zuwa suna karanta masa abin da idonsa ya kasa gani. Ku tambayi liman. In babu haramci, ni na yarda."

Aka aika masallaci. Liman ya aiko cewa salla ta masu salla ce, amma daga ƙofar masallaci zuwa inda mota ke jira a titi, bai san dalilin hana ɗalibi ɗaukar malaminsa ba. Baba Sha ya yi gunaguni, ya ce ya ji, amma kada wani ya zo masa da jawabi.

Inna Ding ta tsamo fanke mai zafi ta miƙa wa Farfesa Lu. Ya karɓa da hannu biyu, ya kai baki zai gatsa. Ruyi ta taɓa hannun rigarsa ta raɗa masa cewa wannan ba a gatsa shi, da hannu ake gutsura. Ya gutsura, ya ci, hawaye na bin gefen hancinsa. Ya ce taron mako mai zuwa za a yi shi ko ba gawa, kuma Ruyi ce za ta karanta fassarar Malam ta ƙarshe. Ta ce in dai zai rage jawabinsa, za ta karanta.

Bayan azahar mata suka tsaya a ƙofar gida, kamar yadda aka saba. Ruyi ta matsa har bakin zaure, inda take iya hango lungun duka. Makarar ta fito daga masallaci a lulluɓe da koren ƙyalle, tana tafe a kan kafaɗu, wannan ya zame wancan ya shiga. Fararen huluna ne kawai da farko. Daga baya ta fara ganin kawuna marasa hula suna kutsawa a tsakani.

Daidai ƙofar gidan Malam Ding, Farfesa Lu ya shiga gaba ta hagu. Gajere ne, kuma wanda ke dama da shi Baba Sha ne, sai makarar ta karkata. Baba Sha ya harare shi ta ƙarƙashin katako, ya ce wani abu da Ruyi ba ta ji ba. Sannan ya ɗan rage tsawo, ya lanƙwasa gwiwa, makarar ta daidaita. A haka ya ci gaba da tafiya, a ranƙwafe, suna taka ƙafa tare, har suka sha kwanar mai sayar da shayi.