Baba Fayil

Nazeefa ba ta sha wahalar ƙirƙiro Baba Fayil ba. A falon gidansu da ke unguwar Jikwoyi ta tsince shi.

Mahaifinta, Malam Saleh, ya yi shekara talatin da biyar yana kai fayil daga wannan ofis zuwa wancan a wata ma'aikatar tarayya. Ya yi ritaya, amma jikinsa ya ƙi yarda. Kullum da safe sai ya goge takalmi, ya rataya tsohon katin aikinsa a wuya, ya zauna a bakin ƙofa. Idan Umma ta ce gas ya ƙare, sai ya gyara murya ya ce, "A rubuto, za a duba."

Da aka ɗauki Nazeefa cikin marubutan wani shirin barkwanci na talabijin, kwana uku ta yi ba ta iya rubuta ko layi ɗaya ba. A rana ta huɗu ta rubuta mahaifinta. Suna kawai ta canza masa, ta ƙara masa tumbi. Oga Godfrey, mai shirin, ya yi dariya har da dukan tebur. "Wannan baba shi ne zai riƙe mana shirin," in ji shi. Haka kuwa aka yi. Kafin wata uku, duk fasinjan da ya nemi ragi a Nyanya, amsar da zai samu daga mai keke ita ce a rubuto, za a duba.

Tun daga nan take komawa gida da kunne a buɗe. Ranar da Baba ya ajiye wayarsa a firij, ta rubuta. Ranar da ya kira ta da sunan ƙanwarsa Rekiya, wadda ta rasu tun kafin a haife ta, ta mayar da abin wasa. Ranar da ya fita sayen burodi ya dawo bayan awa uku, hannu babu komai, gumi ya jiƙa masa riga, ta samu labarin da kowa a ofis ya ce ba ta taɓa rubuta kamarsa ba.

Sai da likita ya ce ciwon mantuwa ne ke damun Baba, kuma ya daɗe da somawa, sannan ta gane abin da ta yi ta rubutawa. A mota Umma ba ta ɗaga murya ba. Ta dai ce, "Shekara guda muna kallon abu ɗaya da ke. Ni ina shiga kicin in yi kuka, ke kina ɗauko biro."

Ranar Lahadi bayan la'asar aka sa shirin burodin, don an riga an ɗauke shi. Nazeefa ta miƙa hannu za ta canza tasha, Baba ya ce a bari. Ya zuba ido yana kallon Baba Fayil na zagaya kasuwa, yana tambayar mai tumatir ina ofishin darakta, dariya na tashi ta ko'ina.

"Wannan bawan Allah," in ji Baba a hankali, "ba shi da 'ya'ya ne?"

"Yana da su, Baba."

"To ina suke? Hanya ta ɓace wa mutum, an tsaya ana masa dariya."

Ta sauko daga kujera ta durƙusa. "Baba, ni na rubuta shi. Ku na kalla na rubuta. Ku yafe mini."

Ya daɗe yana dubanta. Ta ga lokacin da maganar ta isa inda za ta isa, ta ga yadda ya sunkuyar da kai. Sannan ya dafa kanta ya ce ya yafe, duniya da lahira.

Washegari ta ce wa Oga Godfrey ba za ta ƙara rubuta Baba Fayil ba. Ya roƙe ta, ya gaji, ya miƙa aikin ga wani marubucin, Nathan. Shirin ya ci gaba ba tare da ita ba.

Baba kuwa kafin Laraba ya manta an yi maganar. Ta sake faɗa masa, ya sake sunkuyar da kai, ya sake yafewa. Bayan mako guda ta kuma. Tana shirin yi na huɗu Umma ta tare ta a ƙofar ɗaki.

"Ya isa haka, Nazeefa. Ke kike samun sauƙi. Shi kullum sabon ciwo kike ba shi."

Nazeefa ta tsaya. Can ta shiga, ta gaishe shi, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa. Ta lura farcensa ya yi tsawo. Ta ɗauko abin yanke farce, ta kama hannunsa, ta fara daga babban yatsa.