Kore Mai Ƙarfin Ja

"Umma, me ya sa kike shafa wayarki a gindin keken Abba in ya shiga wanka?"

Auta ta jefo tambayar ne bakinta cike da burodi, ubanta na zaune a gefe yana ɗaure takalmi. Saura kaɗan cokalin shayi ya suɓuce wa Umma.

"Caji nake duba masa, sarkin surutu. Ci abincinki."

"Ka ji matar kirki," in ji maigidan yana dariya. "Ni da keken duk a hannunta muke."

Da faɗa ya yi mata, da ya fi mata sauƙi.

Tun da ya faɗo daga tsani a wurin aikinsa na gyaran na'urar sanyaya ɗaki aka yi masa aiki a gwiwa, mutumin ya zama kamar ba shi ba. Likita ya ce ya riƙa tuƙa keke, sai wansa ya kawo masa nasa: keken hawan dutse mara nauyi, mai ɗan inji a tsakanin feda da siririn batir a ɓoye cikin ƙarfen jikinsa. Injin ba ya ɗaukar mutum, sai ka taka yake ƙara maka ƙarfi. Mataki uku gare shi: kore ɗan tallafi, shuɗi matsakaici, ja kuwa kamar ƙato ya tura ka ta baya. Maigidan ya rantse ba zai wuce kore ba. Ja, a cewarsa, na tsofaffi ne.

Kwanakin farko ko rabin tudun bayan unguwa bai kai ba. Sai ya dawo yana jan keken, ya jingina shi a baranda, ya shige ɗaki ya fuskanci bango. Ranar da Auta ta haye cikinsa ya ce mata ta tashi ta ba shi wuri, ranar haƙurin Umma ya ƙare.

Manhajar saita keken a wayarta take, don tasa ta tsufa ba ta ɗauka. Ta tarar kowane launi yana da ɗan layi da ake ja a ƙara masa ƙarfi. Ta ja na koren kaɗan. Ya dawo da murmushi. Bayan kwana biyu ta ƙara. A hankali koren ya kusa kamo ja, 'yar fitilar da ke kan hannun keken kuwa tana nan koriya shar, ba ta tona asirin kowa ba.

"Maman Auta, yau wani saurayi na wuce a kan tudu, yana haki kamar tsohon injin niƙa!"

Ya koma cin abinci da kyau. Ya koma goya Auta a wuya. To wa zai zubar da ruwan da ya raya shuka?

Ran hutu da safe ta fito ta same shi durƙushe yana ɗaura kujerar yara a gaban sirdi. Ya matsa tayoyin da babban yatsa, ya rage musu iska don su kama tsakuwa, ya ƙara wa ƙarfen gaba mai shanye gargada iska saboda nauyin yarinyar. Ya gwada birki, ya ɗaure wa Auta hular kwano har ta yi ƙorafin an maƙure ta.

"Tafkin bayan dutse za mu je. Yaya ya ce a kore batirin nan yana kai mutum can ya dawo da saura."

Umma ta dubi keken. Koren Yaya daban, wannan daban. Ita ke sa cajin kullum, ta kuma lura yadda ɗan zagayen yamma ya fara cinye batirin fiye da da. Wayar na cikin aljihunta. In ta mayar da layin, ba zai iya hawa da yarinya ba, zai gane. In ta faɗa masa, fuskar nan da ta sha wuya kafin ta dawo da ita za ta sake rufewa. Ta buɗe baki.

"Ku ɗauki ruwa da yawa," ta ce.

Da suka tafi ta zauna a keken ɗinkinta, ta ɗinke hannun rigar mutane a baibai, ta farke, ta sake ɓatawa. Rana ta take. Ta kira shi, babu sabis. Da inuwar katanga ta fara tsawo, ta zari mayafi da gorar ruwa ta nufi gindin tudun, tana tafiya tana haɗawa da gudu.

A can sama ta hango su. Yana tura keken yana ɗingishi, taku ɗaya ya tsaya. Ya cire rigarsa ya lulluɓa wa Auta don rana. Yarinyar ta kwantar da kai a kan hannun keken, leɓɓanta sun bushe, ko "Umma" ba ta iya cewa ba sai da ta sha ruwa. Gwiwarsa ta kumbura ta cika ƙafar wando.

"A gindin hawan dawowa batirin ya mutu," ya ce, muryarsa a dishe. "Na taka, ƙafar ta ƙi. Laifina ne, Maman Auta. Na ɗauki yarinyar nan na shiga daji da ita a kan maganar Yaya."

A gida, bayan ta yi wa Auta wanka ta ga ta ci ta yi barci, ta zauna a ƙasa tana danna masa tsumma mai ƙanƙara a gwiwa. Yana ta maimaita laifinsa ne. Ta ajiye tsumman, ta ciro wayar, ta nuna masa layin.

Ya daɗe yana kallo.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da ka kori Auta daga kan cikinka."

"To saurayin nan da na wuce..." Bai ƙarasa ba. Ya miƙa mata wayar. "Da kin ɓoye mini a kan ƙafata kawai, da na haƙura. Amma kina tsaye na ɗora Auta a kai."

Ta mayar da wayar aljihu. Ya ɗauki tsumman ya ci gaba da dannawa da kansa.

Ke da kike karanta wannan, ko kai: kada ku taɓa saitin keken wani a bayan idonsa, ko da tausayi ne ya sa ku. Da abin da ya sani yake auna nisan da zai je da wanda zai ɗauka. In kun canza, ku faɗa masa kafin taya ta bar ƙofar gida.