Tulunan Baba Biyu

Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi yana neman tulu na biyu. Na farkon ya saye shi a gwanjo a Paris tun ba a haife ni ba, tangaran na masana'antar Sèvres ta Faransa, shuɗi, da zanen tsuntsaye da ruwan zinariya a wuya. Irinsu biyu-biyu ake yin su, raba su kuwa ɓarna ce. Ranar da ya samo ɗan'uwansa a Dijon, rungume da shi ya dawo a jirgin ƙasa.

Da ya rasu, lauyan rabon gado ya kasa kayan gida kashi biyu. Ƙanena Gaspard ya kafe sai dai kowa ya ɗauki tulu ɗaya.

Na ce, "Ɗauki agogon bango da kabad ɗin Kaka, ka bar min su tare."

"Ke dai Yaya Armelle, komai ke kika sani. Doka ta ce daidai wa daida."

Mutumin da ko kofin shayi bai iya riƙewa ba. Na haɗiye, don ina sa ran zai gaji da shi ya neme ni.

Bayan wata shida suka kira ni cin abincin Lahadi. Ina shiga falo na ga an mai da tulun nasa fitilar lantarki, da hular fitila a kansa, a kunne.

Matarsa Solène ta ce, "Kin ga yadda ya haska ɗakin? Minti goma mai gyara ya huda shi."

Na ɗaga shi. Waya ce ta fito ta gindinsa, ta tsakiyar shuɗin hatimin masana'antar da Baba ke dubawa da gilashin ƙara girma. Raina ya ɓaci.

"Gaspard, shekara ɗari biyu da wani abu, yaƙe-yaƙe ba su taɓa shi ba, sai kai."

"Nawa ne, Yaya. Zauna, naman zai huce."

Ban zauna ba. Na koma gida na tarar da nawa shi kaɗai a kan kantar falo, lafiyayye, ba tabo. Na daɗe ina zaginsu ni kaɗai. Sannan na naɗe shi a bargo, na koma na dire shi a teburinsu, tsakanin cuku da kwalbar giya.

"Ga shi. Ku huda wannan ma, amma ku ajiye su tare."