Allurar Baba Maccido

Shekara goma sha tara ina gyaran mashin a bakin hanyar Ƙonni, cikin Illela, kuma abin da na fi ƙi a duniya shi ne mai mashin ya ja benci ya zauna yana koya mini aikina. Baba Maccido kuwa har carbi yake fitowa da shi, don ka san ba tashi zai yi ba.

Tsohon malamin gona ne na ƙaramar hukuma. Da ya yi ritaya sai ya koma noman albasa a Gidan Katta, kullum yana zuwa yana dawowa a kan wani jan mashin da ya girme ni da wata uku. Mashin ɗin irin na da ne, mai agogo biyu a gaba: ɗaya na gudu, ɗaya mai nuna juyin inji. Wayar wannan na biyun tana saukowa ta shiga ta gefen kan inji, kuma a daidai mashigar nan mai ya fara tsiyaya. Ba wani yoyo ba ne na a zo a gani, amma iska na kwasar sa ta fesa wa Baba a ƙafar wando.

Ranar Talata ya zo mini da wando huɗu a leda, ya baje su a kan bencina kamar ɗan gwanjo. Ya ce matarsa, Inna Zuwaira, ta rantse ta maya: in Lahadi ta zo, ranar kasuwa, man nan bai tsaya ba, za ta miƙa wa 'ya'yansa makulli su sayar da mashin, shi kuma ya riƙa hawa kabu-kabu kamar sauran tsofaffi. Da ya zo kan kabu-kabu na ji tausayinsa, ko da yake ban nuna ba.

Na ce masa aikin minti biyar ne. Mu nan garin ba ma wahalar da kanmu a kan wannan. Zare wayar muke yi, mu yanko ƙasan tsohon silifa mu cusa a ramin, mu bi da gam, shi ke nan yoyo ya zama tarihi. Agogo zai mutu, amma wa ke kallon agogo? Duk mashinan da ke tsallaka iyaka da buhu shida-shida, ko ɗaya babu wanda allurar agogonsa ke motsi.

Baba ya tsura wa bakina ido har na gama, sannan ya ce, "Sufyanu, kak ka kashe min allura."

Na sake bayani, ya sake faɗin abin da ya faɗa. Raina ya ɓaci. Da ya tafi sallar azahar sai na yi abin da na ga dama: na cusa silifa, na shafe da gam, na maƙale bakin wayar a gefe yadda in ba ka durƙusa ba za ka rantse tana ciki. Na ce a raina tsoho ne, kafin ya lura an sha ruwa.

Ya dawo, ya shafa wurin da yatsa, ya ga a bushe, ya yi murmushi. Ya hau ya buga kik, mashin ya tashi. Sai ya kalli agogo, allura na kwance. Ya murɗa totur kaɗan, ba ta motsa ba. Ya ƙara murɗawa. Ya murɗe shi gaba ɗaya, inji ya kama ihu kamar zai tarwatse, mai shayin da ke gefena ya toshe kunnuwa, akuyoyi suka watse, wani direban tirela ya leƙo ta taga yana zagi. Baba kuwa yana zaune abinsa, fuskarsa cike da damuwa. Ya juyo ya ce mini cikin natsuwa, "Yana motsi, amma ba ya amsawa. Mi kay yi mishi?"

Na miƙa hannu na kashe makulli. A nan ne na gane abin da ya kamata in gane shekaru da suka wuce. Kallon bakin mutum da yake yi in ana magana, da rashin amsa sallama in ta baya ka zo masa, wanda duk muka ɗauka girman kai ne na tsohon ma'aikaci, ashe kunnen ne ya tafi. Da allurar nan yake jin injinsa, da ita yake sanin lokacin canza giya. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa kaina.

Na tsaya daidai gabansa na faɗa masa gaskiyar abin da na yi. Bai yi faɗa ba, wanda da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya dai riƙe hannuna ya ce kada Zuwaira ta ji wannan magana, don in ta san ba ya ji, ko digon mai babu ba za ta bar shi ya sake hawa ba.

Abin da ya lalace wani ɗan zoben roba ne, bai kai girman maɓallin riga ba, oyal sil muke ce masa. Na ƙwaƙulo tsohon da kusa, ya bushe ya tsage. Na zaga duk masu kayan gyara na Illela, suna ta yi mini dariya, wai wa ke ajiye irin wannan. Ranar Alhamis na rufe shago na tsallaka iyaka zuwa Ƙonni. Shago uku ina cewa oyal sil ana kallona, har wani mai karatun Faransanci ya nuna mini hanyar masu gishiri, wai da yarensu abin da na ambata ke nan. Sai da na ciro tsohon daga aljihu wani dattijo ya ce, "Af, juwan kaka nema." Ashe sunan zoben ke nan a wurinsu. Ya zazzage wani gwangwanin madara, ga shi nan guda biyu. Na ba shi 'yan sefa na kwashe duka, don ba na fatan sake zuwa neman gishiri.

Da safiyar Juma'a na kankare gam ɗina, na wanke ramin da fetur, na shafa wa sabon zoben mai, na juya leɓensa ya kalli cikin inji, na tura shi a hankali da ƙaramin soket na kwance noti har ya zauna daram. Na mayar da waya, na juya ta har harshenta ya shige gurbinsa, na ɗaure ɗan sukurun. Bugu ɗaya allura ta miƙe tana rawa. Na bar shi yana aiki rabin awa da farin tsumma a ƙarƙashi, tsumma ya fito fes.

Ina goge hannu sai ga Inna Zuwaira, wadda ban taɓa gani a layin makanikai ba. Ta duba tsumman, ta gyaɗa kai, sannan ta ciro madubai biyu manya daga ƙarƙashin mayafi, irin na Keke Napep.

"Ka sa mishi waɗanga," in ji ta. "Shekara shida ina kiran shi cin tuwo sai na taɓa kahwaɗa tai. Ba wando ad damuwata ba, tirelolin ga na da ba ya jin hon ɗinsu. Kak ka ce ni nak kawo."

Na ɗaura su. Bayan an sauko daga masallaci Baba ya zo da sabon farin wando. Ya tayar da mashin, ya ga allura ta tashi, ya yi dariya har ana ganin dasashi. Sai idonsa ya kai kan madubai. Na fara shirya ƙarya, wai kyauta ce daga shago, ya ɗaga mini hannu.

Ya daɗe yana kallon su. Sannan ya ce a hankali, "Ashe ta sani."

Ya share ido da hannun riga, ya gyara na dama, ya gyara na hagu, ya duba bayansa sosai, sannan ya hau titi.